Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin karyewar ƙarfe mai tsaga

Duk shekara ana turo min yara koyon aiki a nan Birnin Kebbi, kuma kuskuren bara shi ne na bana. Ka miƙa wa yaro ƙarfe mai tsaga, ka ce ya faɗa maka nauyin da zai karya shi farat ɗaya, sai ya zaro K = Yσ√(πa) ya cusa lambobi, ya ɗago kai yana murmushi. K shi ne tsananin ƙarfin da ke aiki a bakin tsagar, σ shi ne sitires, wato nauyin da ke kan kowane yanki na ƙarfen, a girman tsagar, Y kuwa lambar da ta dogara da siffarta. Lissafin daidai yake, tun 1957 da masani Irwin ya shimfiɗa shi a kan aikin masani Griffith ake cin moriyarsa. Matsalar ita ce wanne sitires ka saka a ciki.

Bari in fara da wanda ya ci ni kuɗi da mutunci. Ina sabon fitowa, wani Alhaji mai injin casar shinkafa a wajen Argungu ya kira ni, an ga tsaga a shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya injin, ga shinkafar rani jibge a buhuna. Na auna zurfinta, milimita 4. Na lissafa lanƙwasawar da bel ke yi wa shaf ɗin, MPa 60 (MPa ma'aunin sitires ne), K ya fito 7.5. Na ce, "Alhaji, a ci gaba da aiki, zai kai mu ƙarshen wata." Tsohon bakaniken wurin ya shafa tsagar da farcensa, ya ce, "Injiniya, ba ka ga a karkace take tafiya ba?" Ban saurare shi ba, ai ni ke da takarda. Kwana tara shaf ya tsinke, bakin karayar a murɗe kamar igiya.

Na manta cewa shaf murɗawa yake yi, ba lanƙwasawa kaɗai ba. Murɗawar, wato τ, ta kai MPa 80. In ka haɗa su yadda ya kamata, σ/2 + √((σ/2)² + τ²), za ka samu kusan 115, K kuwa ya haura 14, ya kusa ninka abin da na rubuta. Balle in dutse ya shiga injin ya cije. Tun ranar, kafin yaro ya taɓa kalkuleta a wurina sai na ba shi alli ya murɗa da hannunsa. Allin zai karye a karkace, wajen digiri 45, domin tsaga tana bin inda ake jan ƙarfe ya buɗe ne. Saboda haka masu ɗauko lissafin von Mises su jefa cikin K su daina, wannan na ƙarfen da zai lotsa ne kafin ya karye.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don masu ilimi ke yin sa. Tsaga tana da salo uku: buɗewa, zamewa, da yagewa. In na ɗaya da na biyu suka haɗu, wani ya tara su kamar kuɗin cefane, wani ya ɗauki √(KI² + KII²), inda KI na buɗewa ne, KII na zamewa, ya ce shi ke nan. A ce kowanne 10 ne. Na farko ya samu 20, na biyu 14.1. Shi na biyun ya ɗauka tsagar za ta miƙe a kan layinta, alhali kwana take sha. Ni hanyar da Erdogan da Sih suka kawo a 1963 nake bi: ka fara nemo kusurwar da tsagar za ta karkata, a nan digiri 53, sannan K ya fito 17.9. Tazarar 14.1 da 17.9 ita ce tsakanin "a ci gaba" da "a kashe injin". In zamewa ce zalla, kusurwar ta kai wajen digiri 70.5. Akwai masu bin hanyar ƙididdige kuzarin tsaga, ban hana su ba, amma wannan ce ta saba min.

Sauran ƙanana ne, sai dai su ma suna kisa. Milimita a ƙarƙashin alamar √ alhali teburin lambobin juriyar ƙarfe da kake dubawa da mita yake: ka kauce da ninki 31.6. Tsagar tsakiya rabin tsawonta ne a, ta baki kuwa zurfinta duka, Y ɗinta kusan 1.12 in ba ta yi nisa ba. Kada ka gwada siririn falle ka ɗora sakamakon a kan ƙarfe mai kauri, sai kaurin ya kai 2.5(KIc/σy)² kafin lambar ta tsaya wuri ɗaya (KIc shi ne K ɗin da ƙarfe ke karyewa a kansa, σy kuwa sitires ɗin da yake fara lotsawa). Ka kuma duba a wane zafi aka auna lambar teburin. Sanyin teku ya raba wasu jiragen ruwan Liberty na Amurka gida biyu a yaƙin duniya na biyu, kodayake hunturunmu bai kai can ba.

Sai walda. An kai ƙarfe wurin mai walda ya toshe tsagar, an goge, an shafa fenti, sai yaro ya yi lissafi kamar sabo ne dal. Waldar da ba a gasa ta huce a hankali ba tana barin sitires a ciki wanda kan kusanci inda ƙarfen zai lotsa, tun ba a ɗora masa komai ba. Ni dai in aka kawo min shaf ɗin da aka taɓa yi wa walda a kan tsaga, ba na ko buɗe littafi, farashin sabo nake tambaya.