Lissafin fili da ƙofa: yadda ake tsare rayuka a wajen wasan mawaƙa

Idan aka ce an yi turmutsutsu an rasa rayuka, abin da ke zuwa ran mutane shi ne gudu aka yi aka tattake na ƙasa. Sau da yawa ba haka abin yake ba. A tsaye mutum yake mutuwa. Jama'a ce ke matse shi gaba da baya har ƙirjinsa ya kasa buɗewa ya ja numfashi, cikin 'yan mintuna ya suma, kuma ba zai ma faɗi ba, don babu wurin faɗuwa. Mutum 10 da suka rasu a bikin waƙa na Astroworld a birnin Houston na Amurka, ranar 5 ga Nuwamba 2021, matsewar ƙirji ce ta kashe su. Haka akasarin mutum 97 da cunkoson filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila ya yi ajalinsu, abin da ya faru a 1989. Duk dokar da aka kafa a wurin taro, da wannan ma'aunin za a auna ta: tana rage matsi ko tana ƙara shi?

Mai shirya taro da awo zai fara, tun kafin ya buga tikiti. Murabba'in mita ɗaya kusan rabin tabarmar kwanciya ne. Mutum biyu a cikinsa sun wala. Mutum huɗu, kafaɗa na gugar kafaɗa amma kowa na iya juyawa. Biyar shi ne iyaka. Daga shida zuwa bakwai babu wanda ke tafiya da ƙafarsa, taron yana kaɗawa kamar ruwa a kwarya, wanda aka tura a can baya ƙarfin turin sai ya iso na gaba ninki-ninki.

A ce fili ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 40, wato murabba'in mita 2,400. Cire wurin dandamali, da wurin masu kayan sauti, da kujerun manyan baƙi, da hanyoyin wucewa, da rumfar masu ba da agaji. A ce duka sun ci 600, saura 1,800. Ninka da biyu, ka samu 3,600. Tikitinka ke nan, har da na kyauta da na 'yan alfarma. Za a ce maka ai fili zai ɗauki ninkin haka. Zai ɗauka, da jama'a za su bazu daidai wa daida. Ba sa bazuwa. Da zarar mawaƙin da ake jira ya hau, na baya duk sai su nufi gaba, baya ya zama wayam, gaba ya kai shida a murabba'in mita. Don gaban nan aka yi lissafi da biyu.

Sai ƙofofi, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ƙa'idar da ake amfani da ita a filayen wasa na Birtaniya ta ce ƙofa mai faɗin mita ɗaya tana fitar da mutum 82 a minti ɗaya in ƙasa a miƙe take, 66 in akwai matakala, kuma ana so fili ya fita kaf cikin minti 8. Mutum 3,600 ke nan suna buƙatar faɗin ƙofa mita biyar da rabi. Amma kada ka lissafa da babbar ƙofarka, ɗauka ita ce wuta ko faɗa ya tare. Ƙofa huɗu masu faɗin mita bibbiyu, a kusurwa daban-daban, sun wadatar: in ɗaya ta toshe, saura mita 6. In ɗakin taro ne mai rufi da labule da soso, minti 8 ya yi yawa ƙwarai, da minti biyu da rabi ake lissafi.

Kowace ƙofa waje za ta riƙa buɗewa, babu kwaɗo, babu sarƙa, da mutum a tsaye kanta daga farko har ƙarshe, da fitila mai batir a samanta saboda ɗaukewar wuta. Wasu masu taro na kulle ƙofofin gefe don kada 'yan kutse su shigo ba tikiti. Kuɗin tikiti ashirin ake tsarewa da ran mutum ɗari. A filin wasa na Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka nufi mafita suka tarar da ita a rufe, mutum 126 suka rasu. A bayan ƙofa ma a duba: babura da teburan masu sayar da kaya da motar mai gida in suka tare bakin ƙofa, daidai take da rufaffiya.

Shiga ma tana da nata lissafin. Ɗauki agogo ka gwada cajin mutum ɗaya. In daƙiƙa 10 ne, layi ɗaya mutum 360 yake shigarwa a awa. Mutum 3,600 cikin awa biyu na buƙatar layi biyar, a ware na mata da mata masu caji. In layi biyu ka yi, sai ka tara dubban mutane a waje, suna jin kiɗa ya tashi a ciki, su kuwa ba sa motsi. Daga nan ake fara tura ƙofa. Saboda haka a buɗe da wuri, a sa shinge ya lanƙwasa layin kamar tafiyar maciji, kuma in layi bai ƙare ba a jinkirta fara wasa, a faɗa wa na waje da lasifika cewa ana jiransu. Mashiga daban, mafita daban. A Duisburg ta Jamus a 2010, masu shiga da masu fita bikin Love Parade sun haɗu a hanya guda, mutum 21 suka mutu.

Rabon kyauta a bakin ƙofa, ko shelar cewa na farko-farko ne za su samu, wannan a yi nesa da shi. A Ibadan, cikin Disamba 2024, yara 35 suka rasu a wani taron yara da aka yi alkawarin rabon kuɗi da abinci. Jefa kuɗi ko hula ko riga daga kan dandamali cikin jama'a ɗan'uwan wannan ne: mutum hamsin za su duƙa a wuri ɗaya, na baya su faɗo a kansu.

Shingen gaban dandamali ba igiya ba ne, ba benci ba ne, ba kuma bututun da aka yi wa walda da safe ba. Na ainihi tsayinsa wajen mita 1.2 ne, yana da faranti a ƙasa wanda jama'a ke takawa, nauyinsu ne ke riƙe shi. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da dandamali. Ma'aikatan da ke cikin tazarar nan jama'a za su fuskanta, ba kallon wasa suka zo ba. Aikinsu miƙa ruwa da zaro wanda ya galabaita. Abin da za su sa wa ido: fuskar da ta ɗaga sama tana neman iska, hannun da ya maƙale ba ya iya ɗagawa, da taron da ke kaɗawa gefe guda gaba ɗaya. In an raba fili gida-gida da shinge, kowane gida a ƙirga masu shigarsa, a ba shi mafitarsa. In ba haka ba keji aka gina.

Mutum ɗaya tak za a ba ikon tsayar da wasa, a zaunar da shi wuri mai tudu inda yake hango kan jama'a, kuma mawaƙi da mai kayan sauti su san shi tun kafin a fara. In ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya, a kunna fitilu duka, mawaƙin da kansa ya ce, "Jama'a, kowa ya ja baya taku uku, a hankali, ba za mu ci gaba ba sai na gaba sun sha iska." Muryarsa suka zo ji, shi za su saurara. Kada a ambaci gobara ko bam a lasifika. Kuma dorina da bulala ba sa mayar da taro baya: wanda aka tsula wa zai ja da baya da ƙarfi, ya danne wanda ba shi da inda za shi.

Hana tartsatsin wuta da abin fashewa na ado a cikin ɗaki doka ce da aka saya da tsada. A gidan rawa na Station a jihar Rhode Island ta Amurka, a 2003, tartsatsi ya kama soson da aka manna a bango don tare sauti, mutum 100 suka mutu, da yawansu a cunkushe a ƙofar da suka shigo ta cikinta, alhali akwai wasu ƙofofin. A Santa Maria ta Brazil a 2013 irin wannan ta kashe 242. Janareta da jarkokin mai a ajiye su nesa da jama'a da ƙofofi, kada a zuba mai yana aiki, wayoyi a ɗaga su sama ko a rufe su.

Akwai dokokin da ke ba mutane haushi amma suna da dalili. Cire murfin gora: gora cike da ruwa a rufe in aka jefa ta dutse ce, in aka taka ta kuma mirginawa take yi ta kayar da mutum, marar murfi kuwa lotsewa take. Hana kwalba, hana tsayawa a hanyar wucewa, hana hawa kan lasifika da ƙarafan fitilu, duk daidai ne. Wadda ba ta da hujja ita ce hana shiga da ruwa don a sayar da na ciki da tsada. A Rio de Janeiro cikin Nuwamba 2023 wata budurwa ta rasu saboda zafi a wajen wasa, daga baya gwamnatin Brazil ta wajabta ba da ruwa kyauta a manyan taruka. Wanda zai tara jama'a a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, ruwan leda kyauta a gaban dandamali yana cikin kuɗin da zai ware tun farko.

Kai kuma ɗan kallo, da shigarka ka nemi ƙofa biyu da ido, ban da wadda ka shigo. In ka ji ana taɓa ka ta kowane gefe, ko ka kasa kai hannu fuskarka, lokacin fita ya yi, kada ka jira ya ƙara matsewa. Ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe, su ba huhunka wuri. Ware ƙafafu. Kada ka yi ja-in-ja da turi, bi shi, in ya lafa ka zame a karkace zuwa gefe, kana nesa da bango da shinge. Takalmi ko waya in sun faɗi, bar su. Ihu numfashi yake ci, yi magana da hannu. Yaro a ɗora shi a kafaɗa. In wani ya faɗi kusa da kai ɗaga shi nan take, don ramin da ya bari ne sauran za su rufta. In kai ne ka faɗi ka kasa tashi, kwanta a gefenka, kada ka yi rigingine ko ruf da ciki, ka naɗe ƙafafu, ka rufe kai da hannu. Wanda aka zaro ba ya numfashi a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a fara danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya kira lambar agajin gaggawa (112 a Najeriya), kada a dakata har masu agaji su karɓa.