Yadda Za Ka Mayar da Tsohon Wasan Girkawa Shirin Talabijin na Hausa

Ranar da na fara kai wa wani furodusa rubutuna a nan Jos, ya karanta shafi uku, ya cire tabarau ya ce, "Malam, waɗannan dattawa goma sha biyar da ke magana baki ɗaya, 'yan makarantar allo ne?" Na ji kunya, amma ya fi ni gaskiya. Wasan Antigoni na Sofokilis na ɗauko, wanda aka fara nunawa a birnin Atina wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa, na kwafo shi ɗungurungum har da ayarin mawaƙansa.

Kafin ka ɗora alƙalami, ka nemo abin da zai hana tsohuwa a unguwar Gangare tashi daga gaban talabijin. A wannan wasan ba sai ka sha wahala ba. Wa da ƙane sun kashe juna a kan sarautar garin Tibis. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya ce a binne ɗaya da girma, ɗayan kuwa da ya kawo wa garin yaƙi a bar shi a fili karnuka da tsuntsaye su ci. 'Yar'uwarsu Antigoni ta ƙi, ta je ta zuba masa ƙasa, sarki ya sa aka rufe ta da rai a cikin kogo. Wanda ya zauna a Jos lokacin rikicin 2001 ko na 2008 ya san zafin a ce ɗan'uwanka ya tafi ba wanka, ba likkafani, ba salla. Nan ne ran labarin. Allolin Girkawa kuwa ka bar musu kayansu. A wurinmu suturta mamaci farilla ce, yarinyar ba ta bukatar wani Ziyus ya tsaya mata.

Ayarin mawaƙan nan su ne bakin jama'ar gari, kuma mu ma muna da namu: teburin mai shayi. Ni na rage su zuwa uku, na zaunar da su a wata rumfa ta Bauchi Road cikin sanyin Disamba, tiriri na tashi daga butar shayi. Akwai tela, da direban Keke, da wani tsoho da ya yi aikin kuza tun zamanin Turawa, wanda ba ya cire hular sanyi ko da rana ta take. Da farko duk bayan sarki suke. A hankali tsohon ya fara shiru, yana juya cokali a kofi ba ya sha. Kada ka sa su yi wa mai kallo wa'azi. Gulma za su yi, su yi kuskure, su canja baki kamar kowa.

Kiriyon ne inda yawancinmu ke faɗuwa. Muna son azzalumi mai jan ido da muguwar dariya. To, mutumin nan gari ya karɓa da jini bai bushe ba, yana tsoron in ya girmama wanda ya kawo hari, gobe wani zai kwaikwaya. Idan mai kallo bai ce "ai sarki ma yana da hujja" a kashi uku na farko ba, sake rubutu. Kuma ɗansa Haimon shi zai auri Antigoni. Sa a kai lefe, a sa rana, ka ga yadda gidan sarauta zai ɗauki zafi.

Asalin wasan bai kai baiti 1,400 ba, kai kuma kashi 13 ake nema a hannunka. Kada ka cusa kishiya ko boka don cike gurbi. Koma baya: nuna yarjejeniyar da 'yan'uwan suka yi ta karɓa-karɓar mulki shekara-shekara, da ranar da ɗaya ya ƙi sauka. Ba Ismini, 'yar'uwar da tsoro ya hana ta taimakawa, nata filin. Makahon da ke gargaɗin sarki a wasan, mayar da shi tsohon malami, shi ke nan.

Girkawa ba sa nuna kisa a dandali, ɗan aike ne ke zuwa da labari. Ka riƙe wannan, ba don tsadar jinin roba da man janareto kaɗai ba. Sa kyamara a fuskar mai sauraro. A wasan, da matar sarki ta ji mutuwar ɗanta, ficewa ta yi ba ta ce uffan ba. Tawa ma haka: ta ajiye faranti, ta gyara mayafi, ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Za a roƙe ka ka ceci yarinyar a kashin ƙarshe. Kada ka yarda. Sai dai mutum uku ne ke kashe kansu a asalin labarin, abin da ke da nauyi ƙwarai a wajenmu, don haka ni ban nuna yadda kowa ya mutu ba. An buɗe kogon, a duwatsun Shere muka ɗauka da sassafe, sai takalminta ɗaya a bakin ƙofa da salatin dogari. Washegari mai shayi bai kunna risho ba, bencin nan uku a kife.