Yadda Ake Gane Tsohuwar Tsabar Kuɗi Ta Jabu A Gwanjon Intanet

Kafin ka taya, nemi mai kaya ya turo hoton fuskokin tsabar biyu da na gefenta, ya faɗi nauyinta da giram. In ya ƙi nuna gefe, rabu da shi.

Gefen ne ke tona asiri. Mutanen zamanin da galibi bugawa suke yi da guduma tsakanin hatimi biyu, masu jabu kuwa galibi zubi suke yi. Zubi na barin siririn layi inda mazubin ya haɗu, ko sawun goga inda aka ɓatar da layin, ga ƙananan ramukan kumfa, rubutun kuma ya fito a dushe. Leƙa sauran hajar mai kayan: tsaba biyu masu karce ɗaya a wuri ɗaya, mazubinsu guda.

Kaya na isowa Zariya, kai wa maƙerin zinariya a Sabon Gari ya ɗora a sikeli. Dinarin Umayyawa giram 4.25 ne, babbar tsabar azurfa ta birnin Atina na Girka mai hoton mujiya wajen 17.2. Zaizayewa kan rage kaɗan, amma giɓin giram guda a dinari ya yi yawa.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa, sai dai tagulla ma ba ya kama ta, don haka kada ka dogara da shi kaɗai.