Sabon Zuwa New York: Abin Da Za Ka Tarar Daga Afrilu Zuwa Yuni

Idan ka sauka New York cikin hunturu, za ka zaci mutanen garin ba su iya hira ba. Kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sauri kawai yake yi. Ka ba su zuwa tsakiyar Afrilu. Da zarar sanyi ya karye sai baki ya buɗe, a wurin aiki, a shagon aski, a cikin jirgin ƙasa, kuma rabin hirar a kan wasa uku take: besbol da aka soma kakarsa, sai ƙwallon kwando da hokin ƙanƙara da suka shiga zagayen fidda gwani. Ni mai kallon ukun ne, kuma shawarata, ɗan'uwa, ka ɗauki ko da ɗaya ka bi. Ba na ce ka bar Arsenal ko Barcelona ɗinka ba. Amma shugabanka a wurin aiki da fasinjan da ka ɗauko ba su san su ba, kuma wanda ya iya cewa "jiya Knicks (ƙungiyar kwandon garin) sun ba mu kunya" ya fi saurin samun abokin magana.

Abu na farko da ke ruɗa mu masu kallon ƙwallon Turai shi ne, a nan wanda ya ƙare a saman tebur bai ci komai ba. A babbar gasar ƙwallon kwando, wato NBA, ƙungiyoyi talatin kowace tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, duk don neman gurbi cikin goma sha shida da za su shiga fidda gwani. Daga nan ƙungiya biyu za su yi ta karawa, wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ta wuce, haka har zagaye huɗu, a ɗaga kofi a watan Yuni. Hoki ma tsarin fidda gwaninsa ke nan. Babu kuma faɗuwa zuwa rukuni na biyu, na ƙarshe a bana yana nan baɗi. Ni na fi son wannan tsari na wasa bakwai. Sa'a tana iya ba ka wasa ɗaya, ba ta ba ka huɗu, kuma kafin a kai wasa na biyar 'yan wasan sun san juna ciki da bai, an fara jin haushin juna, kallo ya yi daɗi.

Ƙwallon kwando ce ta fi sauƙin shiga rai, domin ko ba a yi maka bayani ba za ka gane. Kashi huɗu ne na minti 12, kuma ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo ko a karɓe. Knicks suna wasa a Madison Square Garden, saman tashar Penn, Nets kuma a Brooklyn. Knicks sun ci kofi a 1970 da 1973, suka share fiye da shekara hamsin suna jiran na uku, shi ya sa magoya bayansu suke da saurin murna da saurin kuka. Idan dattijon Ba'amurke ya ji daga Najeriya kake, kada ka yi mamaki ya ambaci Hakeem Olajuwon yana girgiza kai. Haifaffen Legas ne, shi ya jagoranci Houston Rockets suka doke Knicks a wasa na bakwai ranar 22 ga Yuni 1994, washegarin ranar da Rashidi Yekini ya ci wa Super Eagles ƙwallonsu ta farko a Kofin Duniya a Dallas. Ya sake cin kofin a 1995, kuma an san shi da buga wasa da azumi a bakinsa. Mutanen Kamaru su ma suna da abin faɗa, ga Pascal Siakam na Douala da ya ci kofi da Toronto a 2019, ga Joel Embiid na Yaoundé.

Tikitin fidda gwani a Garden ɗaruruwan daloli ne, ba na sabon zuwa mai haya a wuya ba ne. Ka kalla a gida. Wasannin ƙarshe na NBA tashar ABC ke nunawa, kuma ƙaramar eriya ta ishe ka kama ta ba tare da biyan kuɗin wata ba. Sai dai ka lura da agogo: wasan da ake yi a California ƙarfe goma na dare yake somawa a nan, ya kai ka ɗaya saura. Mai fita aikin asuba ya bar shi, ya ga sakamako da safe.

Besbol kuwa maƙwabcinmu ne, mu mazauna Bronx. Filin Yankees yana kan titi na 161, jirgi mai lamba 4 da B da D duk suna tsayawa a bakinsa. Hular nan mai haruffan N da Y a harɗe, wadda samari ke sawa a Kano da Maraɗi da Kumasi ba tare da sanin ta wace ce ba, tasu ce. Babban kofin besbol, World Series, sau 27 suka ci shi, babu ƙungiyar da ta kama ƙafarsu. Idan ka zo da hula mai jan harafin B, ta Boston Red Sox ce, abokan gabarsu na fiye da shekara ɗari. Ba wanda zai taɓa ka, amma za ka sha tsiya daga bakin jirgi har gida. Mets, ɗaya ƙungiyar besbol ta garin, suna Queens, jirgi mai lamba 7 ke zuwa can.

Wasan kansa sai da haƙuri. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana riƙe da kulki yana ƙoƙarin bugawa, idan ya buga sai ya ruga ya zagaya kusurwa huɗu ya dawo gida, maki ɗaya ke nan. Ya kuskure sau uku ya fita, mutum uku suka fita a yi musanya, haka har zagaye tara. Wanda ya taɓa zama kallon dara a gindin bishiya ya san irin wannan kallon, ana hira ana cin gyaɗa, sai can a yi ihu. Kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka, 81 a gida, don haka tikitin can sama a ranar Talata cikin Afrilu ba ya da tsada, kuma shi ne wurin kai iyali. Ka tafi da rigar sanyi ko da rana ta yi daɗi, iskar daren Afrilu a can sama ba ta da kirki. Ranar 15 ga Afrilu za ka ga kowane ɗan wasa sanye da lamba 42, don tunawa da Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a Brooklyn Dodgers a 1947.

Abincin fili tsada ne da shi, kuma naman da ke cikin burodin nan ba lallai ya zama halal ba ko da an ce na sa ne. Ka ci a wajen masu kekunan halal kafin ka shiga. Wasan dare bakwai da 'yan mintuna ake farawa, a watan Mayu kuma magariba tana kaiwa wajen takwas, wato a tsakiyar wasa za ta riske ka, sai ka shirya da alwalarka. Wani abin kuma, tun Janairun 2022 doka ta halatta cacar wasanni ta waya a jihar New York, tallarta ba ta barin allo, har da tayin "kuɗin farawa kyauta". Caca ce, kuma na ga kuɗin da ya kamata a tura gida sun bi ta nan.

Direbobin tasi da masu kai saƙo, ku riƙe jadawalin Yankees a waya. Awa biyu kafin wasa babban titin Major Deegan da gadar Macombs Dam cushewa suke yi, bayan an tashi kuma fasinja har ya yi yawa.

Hoki ne na ƙarshe da ya shiga raina, don da farko ko ɗan baƙin faifan da suke bugawa ido ba ya gani. Dabarar ita ce ka daina neman faifan, ka bi inda 'yan wasan suka nufa. Kashi uku ne na minti 20. Mai laifi a zaunar da shi minti biyu a keji, ƙungiyarsa ta yi wasa da giɓin mutum ɗaya, masu dambe kuwa minti biyar-biyar. Rangers, da ke raba Garden da Knicks, sun ci Kofin Stanley a Yunin 1994 bayan jira tun 1940, kuma har yau hirar shekarar ake yi. Za ka ga 'yan wasa sun tara gemu, al'ada ce, ba a aski sai an fitar da ƙungiya. A zagayen fidda gwani babu bugun fenariti na raba gardama: aka tashi kunnen doki sai a ƙara minti 20, a sake ƙarawa, har sai wani ya zura ƙwallo, nan take wasa ya ƙare. Wani lokaci a haura sha biyun dare. Idan ka ji maƙwabcinka na sama ya kurma ihu yana dukan ƙasa a irin wannan lokaci cikin Mayu, kafin ka kira lambar gaggawa ta 911 ka duba ko Rangers na wasa.