Yadda ake haɗa maus da PlayStation ko Xbox a yi wasa da shi

Kafin ka kashe ko sisi, ka fara bincika wasan da kake son bugawa, domin shi ne ke yanke hukunci. PS4, PS5, Xbox One da Xbox Series X da S duk suna gane maus da kibod na USB. Microsoft ta ƙara wannan dama a Xbox One tun watan Nuwamban 2018. Sai dai kowane kamfanin wasa shi ke zaɓar ko wasansa zai saurari maus ko a'a. Fortnite, Minecraft, The Sims 4, Final Fantasy XIV da wasannin Call of Duty tun daga Modern Warfare na 2019, har da Warzone, duk suna karɓa. A ɓangaren Xbox akwai Halo Infinite, Sea of Thieves da Age of Empires II. Apex Legends kuwa ba ya karɓa a kan waɗannan na'urori, haka ma wasan ƙwallo na EA Sports FC da ya cika gidajen gem. Idan wasan bai yarda ba, ko maus ɗin zinare ka jona ba zai motsa ba.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: maus, kibod, faifan ɗora maus mai faɗin aƙalla santimita 40, da tebur. Kibod ɗin dole ne a wasannin harbi, domin maus nuni da harbi kawai yake yi, tafiya kuwa tana kan madannan W, A, S da D. Mai waya ya fi sauƙin sha'ani, shi za mu ba ka shawara ka fara da shi. Mara waya mai ɗan ƙaramin kai da ake sokawa a USB shi ma yana aiki lafiya. Na Bluetooth zalla kuma kada ka saya don Xbox, ba ta haɗuwa da shi kwata-kwata. PS4 da PS5 suna karɓar wasu, amma jinkirinsa ya fi na sauran biyun.

Mataki na farko shi ne jonawa. Kunna na'urar da pad kamar kullum, sannan ka soka maus da kibod. Xbox Series X da S suna da ramukan USB uku, ɗaya a gaba, biyu a baya. PS4 ta asali da siririyar suna da biyu a gaba. PS5 ta farko tana da USB-A ɗaya a gaba da biyu a baya, amma siririyar PS5 ramukan gabanta biyu duk USB-C ne, don haka maus na yau da kullum sai dai a baya. Idan ramuka sun yi kaɗan, ƙaramin marabar USB, mai raba rami ɗaya zuwa da yawa, zai wadatar, sai dai kibod mai fitilu yana jan wuta, gara marabar da ke da nata caja. In PlayStation ta tambaye ka wane ne mai amfani da na'urar, zaɓi asusun da za ka yi wasan da shi. In ka zaɓi wani daban, wasan zai yi kamar bai ga komai ba.

A nan ne da yawa ke zaton maus ɗinsu ya lalace. Sun jona, fitilar ƙasansa ta kama, amma babu kibiya a allo. Ba lalacewa ba ce. Babban shafin na'urorin nan ba a gina shi don maus ba, da pad za ka ci gaba da zirga-zirga har ka buɗe wasan. Don ka tabbatar an gane shi, a PS4 shiga Settings, sai Devices, sai Mouse. A PS5 yana ƙarƙashin Accessories. A Xbox yana cikin Devices & connections. A can za ka iya sauya saurin kibiya, kuma bahago zai iya musanya madannin hagu da na dama.

Mataki na gaba yana cikin wasan. Wasu suna komawa maus da zarar ka motsa shi. Call of Duty kuwa sai ka shiga saitunansa ka sauya Aiming Input Device zuwa maus, kuma dole ka yi haka kafin a fara zagaye, domin da zarar an shiga fage sai ya kulle zaɓin har a gama. Ajiye pad a wuri mai shimfiɗe kusa da kai. In ka jefar da shi kan katifa sandarsa ta danne, wasan zai riƙa tsalle tsakanin pad da maus, ko kyamara ta riƙa juyawa da kanta.

Saitin sauri shi ne ya cancanci ka zauna masa, shi ke raba wanda ya ji daɗin maus da wanda ya mayar da shi aljihun tebur. Lambobi biyu ne ke aiki tare: DPI na maus ɗin, wato yawan tafiyar kibiya a kowane inci da ka ja maus, da saurin da ke cikin wasan. Fara da DPI 800. Manhajojin saiti irin su Logitech G HUB da Razer Synapse ba sa aiki a PlayStation, don haka ka fara jona maus ɗin a kwamfuta, ka saita, ka adana saitin a ƙwaƙwalwar cikinsa in yana da ita, sannan ka dawo da shi. Bayan haka ɗauko rula. A filin atisaye na wasan, sa alamar nuni a kan wani abu tsayayye, kamar gefen ƙofa. Ja maus ɗin a miƙe zuwa dama har ɗan wasanka ya zagayo ya dawo kan gefen ƙofar nan, sai ka auna tazarar da hannunka ya ci. Tsakanin santimita 25 zuwa 40 wuri ne mai kyau na farawa. In santimita 10 ya ishe ka zagayawa, saurin ya yi yawa, kuma za ka riƙa wuce abokin gaba duk lokacin da ka yi nuni. Kashe Mouse Acceleration in wasan yana da shi, domin yana sa tazara ɗaya ta ba da juyi daban-daban gwargwadon saurin hannu. Da ka samu lambar da ta zauna maka, bar ta ta yi makonni. Hannu ba ya sabawa da abin da ake sauyawa kullum.

Ka sani kuma taimakon nuni da wasa ke ba mai pad yana ɗaukewa da zarar ka koma maus, kuma wasu wasannin za su haɗa ka da masu kwamfuta. Kwanakin farko za ka sha kashi, wannan ba laifin kayanka ba ne.

Idan nuni yana jan ƙafa, fara zargin talabijin. Kunna Game Mode, domin gyaran hoto da talabijin ke yi yana ƙara jinkirin da pad ke ɓoyewa amma maus ke tonawa. A cikin wasan zaɓi yanayin da ke fifita sauri, hoto 60 a daƙiƙa ko 120 in allonka yana ɗauka. Idan kuma kibiya tana katsewa, abu biyu ne suka fi jawo haka. Na farko, yawan saƙon da maus ke aikawa: a 1000Hz yana magana kowace milisakan 1, a 125Hz kowace milisakan 8, kuma wasu wasannin suna sarƙewa da na saman, sai ka sauke shi zuwa 500. Na biyu ya shafi mara waya: ramukan USB 3 suna fitar da hayaniya a zangon 2.4GHz da maus ɗin ke amfani da shi, musamman in an jona rumbun ajiya a kusa. 'Yar gajeriyar wayar ƙari da za ta kawo kan USB ɗin gaban tebur tana magance wannan. Tebur na gilashi ko mai sheƙi shi ma yana rikita idon maus.

Saura na'urorin tsakani irin su XIM da Cronus Zen, waɗanda ke yaudarar na'ura ta ɗauka maus pad ne. Ba ma ba da shawararsu ga wasan intanet. Motsin maus suke fassarawa zuwa motsin sanda, don haka ba za ka wuce iyakar saurin juyin pad ba, ga shi kana cin taimakon nunin da ba naka ba, wanda sauran 'yan wasa ke ɗauka maguɗi, kuma da gaskiyarsu. A 2023 Ubisoft ta sa tsarin MouseTrap a Rainbow Six Siege, mai ƙara wa masu amfani da su jinkiri da gangan. A shekarar ce Activision ta fara gano su a Call of Duty, tare da gargaɗi da dakatar da asusu, sannan a Nuwamba Microsoft ta fara toshe kayan haɗi marasa lasisi a Xbox da saƙon kuskure 0x82d60002.

Mai Nintendo Switch 2, wadda ta fito a watan Yunin 2025, ba ya ma bukatar sayen komai: cire Joy-Con 2, kifa gefen da ke manne wa na'urar a kan tebur, sai ya zama maus a wasannin da aka tsara don haka.