Kurakuran masu sharhin sabon zubin wasan girki, daga bakin wadda ta taɓa ƙona hannu

Duk ƙarshen Oktoba da tsakiyar Disamba abu ɗaya nake gani. Wasannin girki na waya su fito da sabon zubi, wato sabuntawar wasan, a ajiye kabewa mai ido da baki a ƙofar gidan abinci don Halowin, ko a zuba ƙanƙara a kan rufi don Kirsimeti alhali mu nan unguwar Nima a Akra ta Ghana hunturu ne yake fasa mana leɓe. Kafin la'asar yaranmu sun cika Facebook da TikTok da Play Store da sharhi: ya yi kyau, taurari biyar, kowa ya sauke. Bayan sati biyu su ne dai za su dawo suna tsine wa wasan. Na gaji da gyara wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Irin wasan nan ya daɗe. Tun Diner Dash na 2004 ake gudu tsakanin tebur da kicin. Cooking Fever ya fito a 2014 daga kamfanin Nordcurrent na ƙasar Lituweniya, Cooking Diary na Mytona ya biyo baya a 2018, ga su Cooking Madness da sauransu. In ban da Diner Dash na farko, dukkansu kyauta ake saukewa, kuɗin masu su daga talla yake fitowa da kuma abin da mutum ya saya a ciki. Zubin biki kuwa aikinsa biyu ne: ya dawo da wanda ya yi watanni bai buɗe wasan ba, ya kuma sa wanda yake ciki ya taɓa aljihu kafin agogo ya ƙare. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba, kallon kitse zai yi wa rogo.

Kuskure na farko shi ne yin sharhi a ranar farko, domin ni ma na yi shi, kuma na biya.

A Halowin ɗin 2022 ne. Wani wasa da nake bugawa kullum, ba zan kama sunansa ba, ya kawo gasar kwana goma sha huɗu da kyautar wani murhu na musamman a ƙarshe. Na buga matakai goma na farko a cikin trotro, motar haya, daga Circle zuwa gida, ko ɗaya ban faɗi ba. Kwastoma masu haƙuri, tukwici kamar ruwan sama, ga kayan agaji ana ba ni kyauta. Da daddare na rubuta dogon yabo, har da cewa ko yaro zai kai ƙarshe ba tare da ya kashe pesewa ɗaya ba. Abin da ban sani ba a lokacin, da gangan ake sassauta matakan farko. Ana so ka saba, ka tara rabin abin da ake buƙata, ka ji kyautar ta zama taka. Wajen mataki na ashirin sai komai ya juya: kwastoma huɗu a lokaci guda, kowanne da oda mai haɗi uku, nama yana ƙonewa kafin ka juya, kayan agajin kyauta sun ƙare. Ka faɗi saura kwano ɗaya, nan take allo ya kawo maka tayin daimon, kuɗin cikin wasan, da rangwame da ɗan agogo ja yana ƙirga mintuna.

Na saya. Da katin bankin Yaya na saya, na mayar masa ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, har da harajin E-levy da ake cira a lokacin. Kuma wannan ita ce shekarar da sidi ya sha ƙasa, dalar da take wajen sidi 6 a farkon shekara ta haura 13 a Nuwamba. Na sake saya bayan kwana biyu, wai don kada na farkon ya tashi a banza. Duk wannan da sauƙi. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne 'yar goggona mai koyon ɗinki a Mamobi, ta karanta yabona ta shiga, ta zuba kuɗin da take tarawa na almakashi da zare. Da ta zo gida ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi: "Yaya, ai ke kika ce ba a biyan komai." Ni na biya ta. Daga baya na gano Google Play yana karɓar buƙatar mayar da kuɗi cikin awa 48 da saye, bayan haka sai dai ka nemi masu wasan da kanka. Mu lokacin mun wuce sati. Murhun ma da na samu, launinsa kaɗai ya bambanta da wanda nake da shi.

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Yanzu ba na rubuta ko kalma ɗaya sai na ci kashi biyu cikin uku na gasar, ko kuma na kai inda na makale na kwana uku a wurin. Ina da ƙaramin littafin makaranta da nake rubuta abu huɗu a ciki: lambar matakin da na fara faɗuwa, sau nawa na maimaita shi, minti nawa rai ɗaya, wato damar sake gwada mataki, yake ɗauka kafin ya dawo, da matakin da tayin saye ya fara fitowa. Wasu suna cewa in ka jira haka wasu sun riga ka, babu mai karanta naka. To, su riga ni. Wanda zai kashe kuɗinsa a kan maganata ya fi mini masu danna alamar so.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, kuma ya samo asali ne daga niyya mai kyau. Na lura cewa duk abin da na ce mai sauƙi ne, sababbin shiga suna cewa ƙarya nake. Gaskiyarsu. Asusuna ya shekara uku, kicin ɗina an haɓaka komai har ƙarshe, abin gashi mai baki huɗu, injin lemo mai cika kansa, kujerun da suke ƙara wa kwastoma haƙuri. Mai sati biyu a wasa yana fama da kasko ɗaya. Ba wasa ɗaya muke bugawa ba ko da sunan ɗaya ne. Sai na ce bari in gwada yadda sabo yake ji. Na shiga saitin waya na goge datar wasan, a tunanina in na gama gwaji zan dawo da nawa. Ban taɓa haɗa asusun da Facebook ko Google Play Games ba. Ban ma rubuta lambar ɗan wasa da take cikin saiti ba. Shekara uku, gidajen abinci sama da goma, har da murhun baƙin cikin nan, duk suka tafi cikin daƙiƙa ɗaya. Na kai wayar wajen wani yaro mai gyara a Circle, ya juya ta ya juya, ya ce: "Anti, wannan sai dai haƙuri." Na rubuta wa masu wasan, abin da suka fara tambaya shi ne lambar da ban da ita.

Ku ji nan ƙannena, da ku nake. Kafin ku taɓa sabon zubi, kafin ma ku danna sabuntawa, ku haɗa asusunku, ku ɗauki hoton allon da lambarku take, ku tura wa kanku a WhatsApp. Goge kash daban, goge data daban. Na farko shara yake kwashewa, na biyu gidan yake rushewa. Kuma ku daina yi wa mutane burga da asusun shekara biyar kuna cewa gasa ba wuya. In ba za ku iya gwadawa da sabon asusu ba, aƙalla ku faɗa a layin farko: na kai mataki kaza, kicin ɗina cike yake. Ni tsohuwar wayar Mma, mahaifiyata, na karɓa, mai ram giga biyu da tsagaggen gilashi, a kanta nake riƙe ƙaramin asusu da ban taɓa sa masa ko sisi ba. Abin da wannan wayar ta gaya mini shi nake rubutawa, domin yawancin masu karanta ni irinta suke riƙe, ƙananan Tecno da itel da Infinix, ba manyan wayoyin da ake tallan wasan da su ba. Ƙanƙarar da take zuba a allo da fitilun da suke walƙiya suna da nauyi. A babbar waya ado ne, a ƙarama sai yatsa ya taɓa kwano a yi rabin daƙiƙa kafin ya motsa, kuma a wasan da ake ƙirga daƙiƙa wannan ya isa ya kayar da kai.

Sai maganar ado da abinci. Mma ta fi shekara ashirin tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kuma ita ce ta koya mini wannan ba tare da ta sani ba. Wata rana na nuna mata sabon zubin Kirsimeti ina murna, ta ɗan leƙa ta ce: "Wannan ba burodi da naman jiya ba ne aka sa wa hula?" Shi ne kuwa. A wajenta sabon abu shi ne abin da ya canja aikin hannu. Mai saye ya ce a sa masa gari da taliya da ƙwai da wele, shito kaɗan, miya a gefe, na bayansa yana cewa shi a ganye za a naɗe masa, na uku yana miƙo kuɗi yana neman canji. Jerin da hannu yake bi shi ne sana'ar. Haka wasan yake. Don haka tambayar da nake yi wa kowane zubi ita ce: yatsana ya koyi sabon abu? An kawo girkin da yake da matakin da babu shi a da, ko injin da ya sauya abin da zan fara ɗorawa, ko kwastoma mai wani hali daban? In amsar a'a ce, to fenti aka yi wa shago, kuma haka zan rubuta. Fenti ba laifi ba ne, ni ma ina son ganin fitilu. Amma kada a kira shi sabon gidan abinci.

Akwai abin da mu 'yan Zango ya kamata mu riƙa faɗa wanda mai sharhi na Turai ba zai damu da shi ba. Zubin Kirsimeti sau da yawa yana zuwa da naman alade da kofunan giya a cikin odar kwastoma. Wani bai damu ba, ya ce zane ne kawai. Wata uwa kuwa ba za ta so ɗanta ya wuni yana zuba giya ko a allo ba. Ba aikinka ba ne ka yi fatawa, aikinka ka faɗa, kowa ya zaɓa. Haka akwatin sa'a da keken sa'a da ake juyawa. In ana sa kuɗin gaske a sami abin da ba a san ko mene ne ba, ka ambata. Apple tun 2017, Google Play tun 2019, sun wajabta wa masu wasa su bayyana yiwuwar samun kowace kyauta a irin wannan akwati kafin a saya. Yawanci wani ɗan ƙaramin maɓalli ne a gefe. Danna shi, ka kwafo lambar cikin sharhinka.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata sharhi. Ka faɗi nauyin zubin da megabait, har da abin da yake ƙara saukewa bayan an buɗe wasan, domin mai bandil ɗin sidi biyar yana bukatar sani. Kada ka ce wani ƙarya yake don shi ya samu zubin kai ba ka samu ba, kamfanoni sukan saki sabuntawa kashi kashi cikin kwanaki. Kada ka ba wasa tauraro ɗaya don dumsor, wato ɗauke wuta, ya kashe maka waya ko netwok ya yanke a unguwarku. Kada ka kwafe bayanin da kamfani ya rubuta a shafin saukewa ka kira shi sharhi, duk mun iya karanta shi. In za ka faɗi lokacin rufe gasa ka ce da agogon Ghana ne, domin 'yan uwanmu na Kano da Yamai suna gabanmu da awa ɗaya, kuma na san wadda ta rasa kyauta saboda wannan awar. Masu tura agogon waya gaba don rai ya dawo da wuri, ku kuka sani, amma kada ku koya wa mutane a sharhi. Wasanni da yawa da agogon sabarsu suke aiki, wasu kuma suna hukunta mai yin haka. Masu bidiyo kuma, don Allah ku rage kiɗan, a ji abin da kuke faɗa.

Abu ɗaya da na ƙara a littafina bara shi ne lokacin da gasa take ci a rana. Wata gasar tana son ka leƙa duk bayan awa biyu ko uku, in ba haka ba rayukanka su cika su tsaya a banza. Ga ɗalibi mai hutu wannan ba komai. Ga mai tashi ƙarfe huɗu ta taya Mma wanke ganyen dawa da ɗora tukunya, ko mai tsayuwa a shago a kasuwar Nima har magariba, wannan gasar ba tasa ba ce ko da matakan suna da sauƙi. In ta faɗo cikin azumi kuwa, ina rubuta ƙarara ko mutum zai iya gamawa da abin da ya rage masa tsakanin tarawihi da barci.

Zubin da ya fito makon jiya ina mataki na sha bakwai a wayar Mma, na faɗi sau shida, tayin daimon ya fito sau huɗu. 'Yar goggona ta turo saƙo jiya tana tambaya ko ta shiga. Na ce mata ta bari sai Juma'a.