Yadda Ake Gwajin Korona na Gaggawa Ba Tare da Kuskure Ba

Abin da wannan gwaji ke nema shi ne wani furotin da ke jikin ƙwayar cutar korona. Ba ya ninka abin da ya samu kamar yadda PCR, wato gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, ke yi, don haka sai ƙwayar ta yi yawa a hanci yake ganinta. Shi ya sa ya fi aiki a kwanaki 5 zuwa 7 na farkon bayyanar alamu. Wanda ya yi mu'amala da mai cutar amma bai ji komai ba, ya jira kwana 5 kafin ya gwada.

A cikin kwalin akwai tsinken auduga, ƙaramar kwalbar roba mai ruwan sinadari, murfi mai bakin ɗigo, da allon gwaji. A jikin allon akwai ramin ɗiga ruwa, galibi mai alamar S, sai taga mai haruffa biyu, C da T. A duba ranar ƙarewar wa'adi tukuna. Ana ajiye kayan tsakanin digiri 2 da 30 a ma'aunin Salshiyos. Kwalin da ya sha rana a cikin mota, a daina amincewa da shi. Kada a yaga ledar allon sai an shirya, domin danshi na lalata shi.

A wanke hannu, a fyace majina. A zura audugar kamar santimita 2 cikin hanci, a goga ta a bangon ciki, ana juyawa aƙalla sau 5, sannan a yi haka a ɗaya ƙofar hancin da tsinken nan dai. Nan ne aka fi yin sakaci. Mutane da yawa suna taɓa bakin hanci kawai su zare saboda atishawa, alhali abin da ake so yana manne a bangon. Majina mai kauri kuwa ba ta ƙara komai, sai ma ta toshe hanyar ruwan a cikin allon.

A tsoma tsinken a kwalbar, a jujjuya, a matse gefen kwalbar yayin zare shi don audugar ta saki abin da ta ɗauko. A rufe, a ajiye allon a wuri mai shimfiɗe, a ɗiga ruwan a ramin S. Yawan ɗigon ya danganta da kamfani, yawanci 2 zuwa 4, kuma takardar cikin kwalin ce alƙali. Idan ya yi kaɗan ruwan ba zai kai ƙarshe ba, idan ya yi yawa sai ya malale ya dagula layukan. Ruwan nan ba na sha ba ne, kada kuma ya shiga ido.

Akasari ana karantawa bayan minti 15, kuma abin da ya fito bayan minti 30 ba a lissafa shi, domin allon da ke bushewa kan fitar da layin ƙarya. Layi a C kaɗai, ba a ga ƙwayar ba. Layi a C da T, akwai ta, ko da na T ya yi dishi-dishi har sai an kai shi gaban haske. Babu layi a C, gwajin ya lalace, sai a ɗauko sabo.

Idan ya nuna akwai, da wuya ya yi ƙarya: a killace kai, a sa takunkumi, masu shekaru da masu ciwon suga ko na zuciya su tuntuɓi likita da wuri, tunda magungunan cutar sun fi amfani a kwanakin farko. Sakamakon "babu" ne ke yaudara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar mai alamu ya maimaita bayan awa 48, marar alamu kuma ya yi sau 3, da tazarar awa 48 tsakani. Wanda numfashi ke yi wa wuya ko ƙirjinsa ke ciwo, ya tafi asibiti, ko me allon ya nuna.